Zauren Tambaya da Amsa: Kwasa-kwasan da na ci za su bi ni sabuwar jami'a?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan watan kusan duk magana ɗaya suke yi, mutum ya fara digiri na biyu a wani wuri, wani dalili ya taso, yana son komawa wata jami'a ba tare da an maida shi farko ba. Na zaɓi guda shida, na rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na fara mastas a fannin tattalin arziki a wata jami'ar tarayya a nan Arewa a 2021, na gama duk kwasa-kwasan aji na samista biyu, ba ni da kari-oba ko ɗaya. Muna shirin fara bincike yajin aikin ASUU na 2022 ya faɗo, da aka dawo sufabaizana ya tafi hutun sabatika, wanda aka ba ni a madadinsa kuma sai a yi wata uku ban sa shi a ido ba, ni dai har na gaji na watsar. Yanzu Allah ya yi na samu admishan a wata jami'a a Amurka, shi ma mastas ɗin tattalin arziki ne, kiredit 36, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da za a yi. Tunda na riga na yi yawancin kwasa-kwasan, za su cire min su? Wani abokina ya ce in WES ta tantance takarduna shikenan dole su karɓa. Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Ɗan'uwa Allah ya sanya alheri, Allah ya kai ka lafiya. Yajin aikin nan na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, ba kai kaɗai ya karya wa gwiwa ba. Amma bari mu fara da maganar abokin naka, don ita ce za ta iya jawo maka asara. Babu wani dole. WES aikinta ta duba takardunka ta ce wannan makarantar halastacciya ce, wannan kwas ɗin a ma'aunin Amurka ya kai kiredit kaza, makinsa ya yi daidai da kaza. Iyakarta kenan. Karɓa ko ƙin karɓa yana hannun jami'ar da za ka je, a cikin jami'ar ma yana hannun sashenku da kuma makarantarsu ta karatun gaba da digiri. Kamar ka je Wapa ne da kuɗin wata ƙasa a aljihu, kai ka san guminka ne, amma mai canji shi zai faɗi nawa zai ba ka, wani ma ya juya takardar ya ce ba ya karɓar irinta.

To me suka saba yi? Yawancin jami'o'in Amurka suna da iyaka, a mastas mai kiredit 30 zuwa 36 abin da aka fi gani shi ne su yarda da kiredit 6 ko 9, wasu su kai 12, wasu su ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na duka shirin, akwai kuma shirye-shiryen da ko ɗaya ba sa karɓa. Tunda kwas ɗaya a can galibi kiredit 3 ne, ka ga ana maganar kwas biyu ko uku kenan, ba samista biyu ɗin da ka yi gaba ɗaya ba. Ka cire wannan lissafin daga ranka tun yanzu.

Waɗannan biyu ko ukun ma sai sun cika sharuɗɗa. Dole kwas ɗin ya zama na matakin gaba da digiri ne, naka ya cika wannan. Dole ka ci shi da B ko sama, wanda ka tsallake da C, wato hamsin da ɗoriya, kada ka sa rai da shi sosai. Sannan kada ya zama an riga an ƙirga shi an ba ka wani digiri da shi, a nan rashin gamawarka ya zame maka alheri, domin da ka karɓi mastas ɗin nan, jami'o'i da dama za su ce ba a cin kwas ɗaya sau biyu. Sai maganar shekaru, wadda mutane ba sa lura da ita sai ta cije su. Makarantu da yawa suna cewa duk kwas ɗin da za a ƙirga a digirinka kada ya wuce shekara biyar, shida ko bakwai, kuma wasunsu ba daga ranar da ka shiga suke ƙirgawa ba, suna duba ranar da za ka gama. Ka ɗauka dokarsu shekara shida ce, ka shigo da kwas ɗin 2021, to ka ɗaura wa kanka agogo kenan, dole ka kammala kafin ƙarshen 2027 ko kwas ɗin ya mutu a hannunka. Ka karanta wannan layin a kundin dokokinsu da idonka, kada ka dogara da labarin guruf ɗin WhatsApp.

Abin da zai yanke hukunci kuwa ba sunan kwas ba ne, cikinsa ne. Misali malamin da ke koyar da ikonometiriks, wato darasin lissafi da ƙididdiga na tattalin arziki, a can shi za a miƙa wa takardarka, shi kuma so yake ya ga me aka koya maka mako-mako, wane littafi kuka yi amfani da shi, awa nawa kuka zauna a aji, ta yaya aka ba da maki. A nan ɗalibanmu suke faɗuwa wallahi, saboda mu a wurinmu sau da yawa abin da ke cikin kundin sashe layi uku ne kacal a ƙarƙashin kowane kwas. Saboda haka tun kana gida ka koma sashenku, ka nemi malaman da suka koyar da kai, a rubuta maka cikakken jadawalin kowane kwas a takarda mai kan jami'a, shugaban sashe ya sa hannu ya buga hatimi. In kana da tsofaffin takardun jarrabawa da handawut ka haɗa, suna taimakawa. Sannan ka fara bin taranskirif yau ɗin nan, na wanda bai gama ba ya fi wuyar fita, wani lokaci za ka tarar sakamakon yana nan a sashe ba a kai shi gaban majalisar jami'a ta amince ba, wani lokaci a ce sai ka biya kuɗin rajistar shekarun da ka ɓace ko ka rubuta takardar janyewa a hukumance. Kuma ba a hannunka za a ba ka ba, daga jami'a zuwa jami'a ake turawa.

Ka kuma bambance abu biyu idan ka rubuta musu imel. Akwai a ƙirga maka kiredit ɗin, wato 36 ya koma 30 ko 27, kuɗi da lokaci su ragu. Akwai kuma a ce an yafe maka zaman wannan kwas ɗin amma ka ɗauki wani a madadinsa, 36 ɗinka yana nan daram. Na biyun ya fi sauƙin samu, kuma mutum sai ya ji an ce an yafe ya kama murna alhali ko dala ɗaya ba ta ragu ba. Ka tambaye su ƙarara wanne ne, kuma amsar ta zo a rubuce kafin ka biya kuɗin makaranta.

Ra'ayina kuma, in ka samu aikin taimaka wa malami wanda ke ɗauke kuɗin makaranta, to ni ban ga abin wahalar da kai a kan wannan ba. Bizar ɗalibi tana buƙatar ka yi rajistar cikakken lokaci, galibi kiredit 9 a samista, makin da ka shigo da shi kuma yawanci ba a sa shi a lissafin GPA ɗinka na can. Gara ka sake zaman ikonometiriks ɗin ka ci A mai kyau, malamin ya san fuskarka, gobe in za ka nemi dakta shi zai rubuta maka takardar shaida. In kuwa da kuɗin aljihunka ko na gida za ka biya, to kwas biyu ba ƙaramin abu ba ne a canjin yau, ka nema, ka nace.

Tambaya: Malam ina yini. Ina tsakiyar M.Ed, wato mastas a fannin ilimi, a wata jami'a, na gama samista biyu na aji har an amince da taken bincikena, sai aka yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Abuja, ga yara biyu ƙanana. Zan iya yin taransifa zuwa wata jami'a a can in ci gaba daga inda na tsaya? Daga wata 'yar'uwa a Sakkwato.

Amsa: Hajiya lafiya lau, ya yaran? Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce a Najeriya canjin jami'a an fi saninsa a digirin farko, can akwai fom ɗinsa da hanyarsa. A digiri na biyu kuwa abin da ya fi faruwa shi ne a ce ki sayi fom kamar kowa, ki fara daga samistar farko. Wasu jami'o'in suna da sakin layi a dokokinsu da ya ba da damar karɓar kiredit daga wata jami'ar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da ita, amma takardar sai ta bi ta kwamitin sashe, ta je tsangaya, ta je hukumar makarantar gaba da digiri, sannan majalisar jami'a, kowanne da ranar zamansa, kafin ta fito wallahi wanda ya fara daga farko ya kusa gama aji. Sannan taken binciken da aka amince miki ba ya bin ki, sabon sashe sabon sufabaiza, shi kuma yana da abin da yake so.

Ni da ke ce ba zan motsa ba. Kin riga kin haye inda ake buƙatar ki kullum a aji, abin da ya rage karatu ne da tattara bayanai da rubutu, kuma waɗannan ana yinsu daga ko'ina. Ki samu sufabaizanki ki yi masa bayani da ladabi, ku tsara yadda za ki riƙa turo babi-babi ta imel, ki riƙa zuwa idan lokacin gabatar da semina ya yi, da kare bincike na cikin gida, da ranar da mai jarrabawa na waje zai zo. In makarantun da za ki yi binciken a kansu na Sakkwato ne, ki roƙa a ba ki dama ki maida su na Abuja ko Suleja tun kafin ki yi nisa, sauya wurin bincike ya fi sauya jami'a sauƙi nesa ba kusa ba. In kuma hidimar ta yi yawa a bana, ki rubuta takardar neman ɗage karatu, a amince a rubuce ki ajiye kwafi. Kada ki yi shiru ki ɓace kawai, domin akwai iyakar samistocin da aka yarda mutum ya yi, kuma rashin rajista ba tare da izini ba yana sa a cire suna.

Tambaya: Malam ina da HND, na yi PGD, wato diflomar gaba da digiri, a harkar gudanarwa na gama da sakamako mai kyau. Kwasa-kwasan MBA na ga kusan iri ɗaya ne da waɗanda na yi. Ba za a rage min ba? Na ji an ce a Ingila ana yi. Daga wani ma'aikacin banki a Kaduna.

Amsa: Yallabai a nan gida kam a'a. PGD ita ce ta ba ka izinin shiga, mai HND ko mai digiri mai daraja ta uku ko wanda ya sauya fanni ita ake nema a wurinsa, an riga an ƙirga ta a bakin ƙofa, ba za a sake ƙirga ta a ciki ba.

Abin da ka ji game da Ingila gaskiya ne amma tsarinsu daban yake. Su mastas ɗinsu kiredit 180 ne, kowane kiredit ana ɗaukarsa awa 10 na karatu. Wanda ya ci 60 ya tsaya ana ba shi satifiket, wanda ya ci 120 ana ba shi difloma, 60 ɗin ƙarshe shi ne kundin bincike. Ka ga diflomarsu ɓangare ce ta mastas ɗin kansa, shi ya sa mai ita zai iya dawowa ya cike 60 ɗin. Tamu ba a gina ta haka ba, kuma ba lalle su ɗauke ta a mataki ɗaya da tasu ba. Ka yi hattara da ejan-ejan ɗin nan masu tallar MBA ta cikon wata shida a Facebook, kafin ka tura ko kobo ka rubuta wa ofishin admishan na jami'ar da za ta ba da digirin, ba kwalejin da ke tsakiya ba, ka tambaye su ko sun san da shirin.

Tambaya: Malam ina gaisuwa daga Damagaram. Na yi lisans a Jami'ar André Salifou, na yi mastar 1 a Yamai a fannin ilimin ƙasa, na ci shekarar. Ina so in yi mastar 2 a waje, ko kuma in zo Kano ko Zariya tunda dangin mahaifiyata suna can kuma jikkunan da ke hannuna ba su da yawa. Wanne ya fi? Shekarar da na yi za ta ɓace?

Amsa: Ɗan'uwa muna amsawa, a gaida mutanen Damagaram. Kai ka fi duk waɗanda suka rubuto a wannan watan sa'a, in dai ka tsaya cikin gidan da aka gina tsarin dominsa. Tsarin LMD da kuke bi, wato lisans, mastar, dakta, samista kiredit 30, shekara 60, lisans 180, mastar 120, shi ne irin wanda Turai ta ɗauka bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, kuma ƙasashen CAMES, majalisar da ke daidaita ilimin jami'a a ƙasashen Afirka galibi masu amfani da Faransanci, wadda hedikwatarta ke Wagadugu, suna tafiya a kansa. Don haka neman shiga mastar 2 kai tsaye a Dakar ko Wagadugu ko Abijan ba baƙon abu ba ne, Maroko da Tunisiya da Aljeriya ma LMD suke yi. Amma ko a nan kwamitin malamai ne zai duba fayil ɗinka, guraben mastar 2 ba su da yawa, kuma in suka ga abin da ka karanta bai yi daidai da mastar 1 ɗinsu ba za su ce ka sake ta. Faransa kuwa ka san halin da ake ciki tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, ka binciki yadda maganar biza take a yanzu kafin ka ɗora buri a kanta.

Abu ɗaya ka duba a takardar makinka. A tsarinku mutum yana iya samun 8 bisa 20 a wani darasi, wani darasin ya ɗaga shi, matsakaicin ya kai 10 a ce ya ci. A gida ya ci, amma mai dubawa a waje darasi-darasi yake bi, in wanda ka samu 8 ɗin shi ne ginshiƙin abin da kake nema, zai tsaya a kansa.

Najeriya kuma wata duniya ce. Mu ba mu da mastas 1 da mastas 2, shiri ɗaya ne, aji sannan bincike, saboda haka babu gurbin da za a ajiye shekararka a ce ka ci gaba daga nan. Amfaninta a nan wani ne daban, lisans ɗinku shekara uku ce, digirinmu na farko huɗu ne, wasu sassan suna ɗaga gira a kan haka har su ce mutum ya fara yin PGD. Shekarar mastar 1 ɗinka ita za ta cike wannan giɓin ta ƙarfafa maka hujja a ba ka mastas kai tsaye. Za ka buƙaci a fassara takardunka zuwa Turanci a wurin da jami'ar ta yarda da shi, galibi sashen Faransanci na jami'a yana yi, sannan a tantance su a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja. Ka tambayi kuɗin makaranta na ɗaliban ƙasashen waje, ba ɗaya ba ne da na 'yan ƙasa. Sai Turanci, Hausa za ta kai ka ko'ina a Kano amma ba za ta rubuta maka kundi ba. In burinka koyarwa ne a jami'a a Nijar, ni shawarata ka ƙarasa shekara ɗayan nan cikin tsarin LMD, daga baya ka zo mana dakta in kana so.

Tambaya: Malam ina mastas a fannin shari'ar Musulunci a Khartum yaƙi ya ɓarke, aka kwaso mu ta Masar, ban fito da komai ba sai fasfo da katin makaranta da hotunan sakamako a waya. Wani ya ce zai haɗa min taranskirif in kai wata jami'a a nan. Me ka gani? Daga wani almajirinka a Gusau.

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Tun 15 ga Afrilun 2023 ɗalibai irinka suke cikin wannan hali. Amma wannan mai haɗa maka takarda, ka gudu daga gare shi, kai da ka karanta shari'a ba sai na ja maka aya ba. Ko ta fuskar duniya ma lokacin ya wuce. Tun da wani ɗan jarida ya bankaɗo a ƙarshen 2023 yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin 'yan makonni har ya shiga bautar ƙasa da shi, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, kuma tun daga nan duk takardar da ta fito daga waje ana juya ta gaba da baya. In aka kama, ba korar kaɗai ba ce, ko bayan shekaru ana iya ƙwace digirin.

Abin yi shi ne ka nemi jami'arka ta asali. Jami'o'in Sudan da dama ba su mutu ba, wasu sun koma karatu ta intanet, wasu sun buɗe ofisoshi a garuruwan da yaƙin bai ci ba. Ka bi ta shafinsu na hukuma da ƙungiyar ɗaliban Najeriya da kuka yi karatu tare da ofishin jakadancin Sudan a Abuja, ka tambayi abu biyu, ko za ka iya ƙarasawa daga nan, da kuma yadda ake fitar da takardar maki. In ƙarasawa za ta yiwu ita ta fi, don aji ka riga ka yi. Hotunan da ke wayarka kuma ka tura su imel ɗinka yau kafin wayar ta faɗa ruwa, da risit na biyan kuɗi da takardar admishan da duk saƙon da malami ya taɓa turo maka. Ba za su maye gurbin taranskirif ba amma suna nuna ba ƙirƙirar labari ka yi ba.

In ba ta yiwu ba, ka nemi gurbi da digirinka na farko a sashen shari'a ko nazarin addinin Musulunci a Bayero ko Danfodiyo ko Ahmadu Bello, ka shiga a matsayin sabo. E, za ka maimaita aji, amma mai Larabcin Khartum ba zai sha wuya ba, kuma littattafan da ka riga ka karanta da taken da ka fara tunani a kansa babu mai hana ka gabatar da su ga sabon sufabaiza.

Tambaya: Ina da satifiket goma sha ɗaya na Coursera a kan nazarin bayanai. Za a ƙirga min su a mastas? Daga wata ɗaliba a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, amma satifiket ɗin gama kwas na yau da kullum ba kiredit ba ne, ki sa su a CV da takardar bayanin kai, suna nuna da gaske kike. Waɗanda ake ƙirgawa su ne waɗanda jami'a ta tsara tun farko don haka, irin shirin MicroMasters na dandalin karatun intanet na edX wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fara da fannin sarrafa safarar kaya, ana yin jarrabawa da sa ido, sannan in mutum ya nemi gurbi aka ɗauke shi sai a rage masa wani ɓangare na zaman. Shi ma a jami'o'in da sunansu ke cikin jerin shirin kawai yake aiki, kuma cin sa ba ya nufin an ba ki admishan. Ki buɗe shafin kowane ɗaya daga cikin sha ɗayan ki duba ko an ambaci jami'ar da ke karɓarsa da adadin kiredit ɗin, in kin samu ki turo min sunan shirin mu duba tare a fitowa ta gaba.